Barka da Kakarki

Liselot ba ta taɓa kai ƙarshen irin waɗannan littattafan ba. A laburaren garin Dokkum akwai wata kanta can ƙasa, dab da na'urar ɗumama ɗaki, inda ake jera labaran yaran riƙo da na gidajen da aka haɗa 'ya'yan wannan da na waccan. Ta ari kusan dukkansu. Takan karanta har ta iso babin da za a kai yarinyar gaban dangi, daga nan sai ta rufe, ta mayar musu da abinsu. Gani take ta riga ta san abin da ke biye.

A gidan riƙon da ta baro kafin wannan, an yi bikin ranar haihuwar maigidan. Aka jera kujeru a da'ira kamar kullum, duk wanda ya shigo sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba su hannu, yana yi wa kowa barka bisa dangantakarsa da mai bikin. Barka da mijinki. Barka da babanka. Barka da surukinki. Da aka zo kanta, sai hannuwan suka riƙa yin sanyi. "Sannu, yarinya," in ji wannan. Wancan ma murmushi kawai ya yi, ya wuce. Sanyin shekarar bai fita ba sai ga matar ofishin kula da yara ta zo da motarta, an zuba kayan Liselot a jakunkuna biyu. Babu wanda ya ce mata bikin ne sanadi, ita ma ba ta tambaya ba.

Yanzu tana gidan Wietske da mijinta Harmen tun bazara, ga ɗakinta, ga kekenta, ga ƙugiyar rataye rigarta a zaure. Kuma yau mahaifiyar Wietske, wadda kowa ke kira Beppe, wato Kaka a yarensu, ta cika shekara tamanin. Dangi kaf za su hallara.

A mota ta zauna a baya, hannunta cikin aljihu yana dafe da littafin da ta aro jiya. Ruwa na dukan gilashi, gonaki sun yi shiru, sai tumaki da suka juya wa iska baya.

"Mem, kin ga uwar littattafai ta taho da wani," in ji Tjitske, 'yar gidan, wadda ta girmi Liselot da kaɗan amma take yi kamar da yawa. Mem take kiran mahaifiyarta, wato Mama. "Ke, gidan Beppe ba a karatu fa. Zama ake yi a kalli juna har kofi ya ƙare."

"Bar ta mana," Wietske ta ce ba tare da ta juyo ba, idonta a madubi. "Liselot, lafiya kuwa? Kin yi fari fat."

"Mota ce."

"Mota! Jiya ma da muke kan keke haka fuskarki take," in ji Tjitske.

Harmen ya yi dariya, ya ce in za a yi amai a yi masa magana da wuri, jiya ya wanke kujerun. Liselot ta yi ƙoƙarin murmushi, leɓenta ya ƙi.

Gidan Beppe ƙarami ne, a bayan cocin ƙauyen. Suna shiga zaure ta hango falon ta ƙofar da aka bari a buɗe. An ture babban teburi jikin bango. Kujeru sun zagaye ɗakin, na falo, na kicin, da na ninkewa da aka ɗauko daga rumfar kekuna. Can kusa da taga wata tsohuwa na zaune a miƙe kamar sanda, gashinta fari, tana ba wani umarnin inda zai ajiye furanni. 

Dabarar ta zo mata ne a daidai lokacin da Harmen ke neman inda zai rataye rigarsa, ƙugiyoyin duk sun cika.

"Kawo in kai sama," ta ce da sauri. "Kan gado ake sawa, ko?"

"Kai, 'yar albarka," in ji Harmen, ya ɗora mata tasa da ta Wietske.

Mai hannu cike da riguna ai ba a ba shi hannu. Ta hau matakalar nan mai tsayi da ƙunci, ta zube rigunan a kan gadon Beppe, ta sauko daidai ƙararrawar ƙofa na kaɗawa. Wasu mata biyu suka shigo suna karkaɗe lema. Kafin su buɗe baki ta miƙa hannuwa biyu, suka ɗora mata riguna masu nauyi da danshi, suka wuce falo. Ta ji su sun fara: barka da mahaifiyarki, barka da surukarka, barka da kakarki, Tjitske, kai, kin yi tsawo.

Haka ta yi ta yi. Ƙararrawa, riguna, matakala. Wani mai gemu ya yi yunƙurin tambayar sunanta, ta ɓoye fuska a bayan gyalensa ta haye. Da ƙararrawar ta daina kaɗawa, sai ta ga ba ta da sauran dalilin sauka. Ta zauna a ƙasa tsakanin gadon da bango, inda rigunan suka yi tudu suka kare ta daga ƙofa. Ɗakin na warin ulu jiƙaƙƙe da turaren tsofaffi. Ta fito da littafin, ta buɗe, idonta na kan layi ɗaya bai motsa ba.

Daga ƙasa hayaniya na tasowa ta cikin katakon daɓe, da ƙarar cokula a jikin kofuna. Ta ce a ranta, in aka raba kek aka ci, shi ke nan, an wuce wurin gaisuwa, sai ta sulale ta zauna a gefe. Ba wanda ya ce mata barka, ba kuma wanda ya ƙi cewa.

Sai hayaniyar ta ɗauke.

Shirun ya fi komai ba ta tsoro. Ta ji murya ɗaya, busasshiya, tana tambayar wani abu. Ta ji Wietske ta amsa a hankali. Sannan matakala ta fara kuka, taki bayan taki. Liselot ta matse littafin a ƙirji har gefensa ya shiga mata fata. Haka matar ofishin nan ta hau matakala a wancan gidan, a nutse, ba gaggawa.

Ƙofa ta buɗe.

"Na ga ƙafarki, uwar littattafai." Tjitske ce. Ta zagayo gadon ta tsaya tana kallonta, hannu a ƙugu. "Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Riguna na kawo."

"Riguna! Ke kin yi wa Beppe barka?"

Sai a lokacin Liselot ta tuna. Tun jiya take lissafin hannuwan da za su zo kanta, ta manta sam da hannun da ita ya kamata ta fara kai wa nata. Ta shiga gidan mace ranar cikarta tamanin, ta yi ta sintiri a matakalarta, ba ta ko leƙa ta ce mata uffan ba.

"Ta ce ba za a taɓa kek ba sai kin sauko," in ji Tjitske. "Kawu Sjoerd har ya ɗauki cokali, ta buge masa hannu. Mutum mai jikoki!"

"Ki ce ba ni da lafiya."

"In yi wa Beppe ƙarya? Ke ki je ki yi, ni ina son raina. Tashi. Kuma tunda ke ce ta ƙarshen shiga, sai kin bi da'irar gaba ɗaya."

"Duka?"

"To da rabi?"

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta ƙasa ba. Ta dai tsinci kanta a bakin falo, fuskoki sun juyo gaba ɗaya, kowa da faranti a cinya, babu komai a kai. A kan teburi ga kek ɗin mai ruwan hoda, an yanka shi gida-gida, ba a taɓa ko ɗaya ba. Wietske ta ɗan yunƙura za ta tashi, Beppe ta ɗaga yatsa, ta koma ta zauna.

Tsakiyar da'irar fili ne, ba abin da mutum zai raɓa. Liselot ta ratsa shi tana jin ƙarar takalminta.

"Barka da ranar haihuwarki," ta ce, muryar ta fito kamar ta sauro.

"Me? Kunnen nan ya tsufa."

"Barka da ranar haihuwarki!"

Beppe ta kama hannunta, ta jawo ta, ta sumbace ta a kumatu, dama, hagu, dama, da ƙarfi kamar mai buga hatimi. Ba ta yi murmushi ba. "A gidana ba a ɓuya," ta ce. "Wuce, mutane na jin yunwa."

Na kusa da ita wani tsoho ne mai manyan kunnuwa, sandarsa jingine a gwiwa. Liselot ba ta san ko wane ne ba. Ta miƙa hannu.

"Barka da... maƙwabciyarka?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wuta ta kama mata fuska har kunne.

"Maƙwabciya!" in ji tsohon. "Da ma haka ne, da na tashi na canza unguwa. Ƙanwata ce, yarinya, ni ne Douwe, ni na sha wahalarta tun tana rarrafe." Ya girgiza hannunta sama da ƙasa. "Na gode. Ke ma barka da..."

Ya tsaya.

Hannunsa na cikin nata, ta ji lokacin da ya fara sassautawa. Ya dubi Wietske, ya dubi Harmen, bakinsa a ɗan buɗe. Dariyar ta mutu. Wani cokali ya faɗi ƙasa, ba wanda ya duƙa ya ɗauka. Liselot ta kafe idonta a kan maɓallin rigarsa, a ranta ta fara jera kayanta a jaka: rigunan barci a ƙasa, littattafan laburare dole a mayar, keken kuma ba nata ba ne, za a bar shi.

"Douwe," Beppe ta ce, "kofin ya taɓa maka ƙwaƙwalwa ne, ko tsufa? Da wa kake tsammani? Da limamin coci?"

"To ai ban sani ba ko..."

"Da kakarta. Faɗi, ka saki hannun yarinya, za ka tsinke shi."

"Barka da kakarki," in ji Douwe, ya sauke numfashi kamar shi aka ceta.

"Kuma kada ta ɗauka ta tsira," Beppe ta ƙara, tana nuna Liselot da haɓa. "Jikan da ya yi min laifi shi ke wanke kofuna. Tjitske ta san dokar, ta fi kowa wankewa."

"Sau biyu kawai!" in ji Tjitske daga can ƙarshen da'ira.

"Sau biyu a bana," in ji Beppe.

Liselot ta matsa gaba. Ga hannuwa birjik suna jira. Kawu Sjoerd ya ce barka da kakarki tun kafin ta ƙarasa gabansa, idonsa na kan kek. Matan lemar nan biyu suka faɗa tare, har suna haɗa baki. Harmen ya faɗa yana matse mata yatsu. Wietske ta riƙe hannun ya daɗe. Wata mata mai jan baki, matar wani daga cikin kawunnan, ta taɓa yatsunta da ƙyar ta ce, "Sannu, yarinya," ta ɗauke kai. Sanyin nan da Liselot ta sani ya sauko mata a baya. Ta tsaya cak. Amma hannu na gaba ya riga ya miƙo, mai shi na cewa ta yi sauri, kofi na hucewa, sai ta kama.

Ta ƙarshe Tjitske ce.

"Barka da kakarki," Liselot ta ce.

"Ke ma haka, tsohuwar ta ishe mu mu biyu. Zauna." Ta buga kujerar ninkewa da ke gefenta, mai sanyin ƙarfe, irin wadda ake ba yara. "Tun ɗazu nake tsaronta, ɗan Kawu Sjoerd ya so ya ɗora ƙafa."

Ta zauna. Littafin na tokare mata cinya ta cikin aljihu. Aka fara zagayawa da kek, faranti ya iso gare ta, ta karɓa da hannu biyu. Matar mai jan baki na can tsallaken da'ira, ba ta sake kallonta ba. Liselot ta kai cokali baki, ba ta ji ɗanɗanon komai ba.

Sai ƙararrawar ƙofa ta sake kaɗawa.

"Mutanen Harlingen ne," in ji Beppe. "Kullum a makare."

Aka ji muryoyi a zaure, baƙi, waɗanda ba su ji abin da aka faɗa a ɗakin nan ba. Liselot ta dubi ƙofa, ta dubi gefen matakala da ke leƙowa. Wani na tambaya ina za a sa riguna. Hannunta na dama ya riga ya shige ƙarƙashin cinyarta da kansa.

Tjitske ta zungure ta da gwiwar hannu, bakinta cike da kek.

Liselot ta ajiye farantin a ƙasa, ta zaro hannun, ta goge shi a jikin siket ɗinta, ta ɗora shi a kan gwiwa a buɗe.