Ranar Tuge Sanda

Masaukin Torika ba wani abin a-zo-a-gani ba ne: 'yan bukkoki na ciyawa a bakin teku, rumfar cin abinci, da ɗakin langalanga inda injin cika tukwanen iska yake tari kamar tsohon mashayin taba. Amma baƙi kan ƙetaro teku tun daga Ostareliya su zo, saboda abu ɗaya. A wasu tsibiran Fiji sai an hau kwalekwale an yi tafiya kafin a kai inda ake nutso. A nan kuwa mutum ya fito daga bukkarsa da tukunyar iska a baya, ya taka yashi, ya taka ruwa, sai ga shi a Ƙofa, wato tsagin nan da ke tsakiyar shingen murjani, inda ƙasa take yankewa ta zarce zurfi.

Ta Ƙofar nan Waisale, ɗan Torika mai masaukin, ya tafi. Shi ne mai yi wa baƙi jagora a ruwa, shi da matarsa Salanieta. Wani baƙo mai kunnen ƙashi ya shiga lokacin da teku ke janyewa, bayan an gaya masa, an nanata, an kuma nanatawa. Ruwa ya fizge shi ta tsagin. Waisale ya bi shi, ya turo shi jikin dutse, shi kuma ruwan ya wuce da shi. Baƙon ya koma ƙasarsu da 'yar ƙujewa a gwiwa. Waisale kuwa an nema har an gaji, ko takalmin iyonsa ba a gani ba.

Sai dattawan ƙauye suka yi abin da aka saba yi wa mutumin da ake ganin girmansa. Suka kafa doguwar sanda a kan murjanin, suka ɗaura mata ganyen kwakwa, suka sa wa wurin tabu: ba kamun kifi, ba nutso, ba ko tsintar ƙaguwa, har sai makoki ya cika. A wurin mutanen gari wannan karramawa ce. A wurin Torika kuwa kabari ne, shi kaɗai take da shi. Mijinta yana kwance a bayan coci, ta san inda za ta cire masa ciyawa. Ɗanta ba shi da komai sai wannan sanda. Kullum da safe takan share yashin da ke kallonta, ta tsaya, ta gaya wa sandar labarin gida.

Wata Laraba da hantsi Josaia ya zo, wan marigayi mijinta, wanda kuma shi ne bakin dattawa. Tun daga nesa ta hango saiwar yangona a hannunsa, wadda ake jiƙawa a sha a zaman dattawa, an naɗe ta da kyau. Ba a ɗauko wannan saiwa don a zo gaisuwa kawai. Ya zauna a tabarma, ya tura ta gabanta.

"Uwar Waisale, kin san abin da ya kawo ni."

"Ban sani ba, Yaya. Na tsufa, kaina ya toshe."

"To bari in buɗe miki shi. Makoki ya cika. Ran Asabar za mu tuge sanda, a kama kifi, a yi walima, a sallami yaron nan da mutunci."

"A sallame shi ya tafi ina? Yana can. Kun binne shi ne da za ku ce ya cika?"

Josaia ya sosa furfurarsa. "Haba ƙanwata. Gari fa ya ci kifin gwangwani har yara sun fara kama da gwangwanin. Matan nan suna zagayawa har bayan tsibiri kafin su samu na miya. Kowa ya yi haƙuri don Waisale, ba wanda ya jefa ko ƙugiya. Ke ma bukkokinki ga su nan, ƙadangaru ne ke kwana."

"Su kwana. Ƙadangare bai taɓa kashe mini ɗa ba."

Doka ce wadda ba a rubuta ba: in ta taɓa saiwar, ta amince. Ta naɗe hannuwanta a cinya tana kallon teku. Sai Salanieta ta fito daga madafa tana goge hannu a zane, ta durƙusa, ta dafa saiwar ta tafa hannu kamar yadda ake yi. Ita ce matar mamaci, karɓarta karɓa ce. Josaia ya sauke ajiyar zuciya ya miƙe, bai ko tsaya shan shayi ba.

"Da ma kin ƙosa," in ji Torika bayan ya fita.

"Nana, ban ƙosa ba. Na gaji ne da kallon sandar nan. Ke kina ganin ɗanki a jikinta, ni ranar nan nake gani, kullum, kullum."

"Kuma komawa ruwan za ki yi."

"Shi kaɗai na iya. Kuma su Desmond suna zuwa jibi."

Torika ba ta ƙara yi mata magana ba ranar. Ba wai ta tsani yarinyar ba ne, Allah ya sani. Ita ta zaɓo ta cikin 'yan matan gari tun Waisale yana kunyar faɗa. Amma zuciyarta ta yi baƙi ƙirin, tana jin kamar an haɗa baki za a sayar da gidan da ɗanta yake ciki.

Desmond da matarsa Lorraine suka iso ran Juma'a da jirgin ruwan kasuwa. Tsofaffin baƙi ne, kusan kowace shekara suna zuwa, sun san Waisale tun bai iya ɗaukar tukunya ba. Sun ji labari. Lorraine ta rungume Torika tana kuka, har sai da Torika ce ta koma tana lallashinta, abin da ya ƙara ɓata mata rai. Desmond ya tsaya gefe da hularsa a hannu, katon mutum ja kamar dafaffiyar ƙaguwa, bai san inda zai sa idonsa ba.

Bayan sun ci rogo da ganyen gwaza, lokacin jawabi ya yi. Kowane baƙo, sabo ko tsoho, sai an karanta masa dokokin gida kafin ya taɓa ruwa. Da Waisale ke yi, yana haɗawa da barkwanci har mutane su riƙe ciki. Salanieta ta buɗe baki za ta fara, Torika ta riga ta.

"Ku saurara, ko da kun ji a da. Ruwan tanki na sha ne, na sama ne, kada in ga wani ya ɗauraye kayan nutso da shi. Ga ganga can. In za ku shiga gari ku rufe gwiwa, ku cire hula. Lahadi ba a shiga teku. Ku sa takalmi mai kauri, ƙayoyin nan na cikin duwatsu ba su san baƙo ba. Murjani mai ruwan ɗorawa ƙuna yake yi, kada ku dafa shi. In kun shiga Ƙofa ku bi bangon dama, ku fito da sauran iska, ba sai tukunya ta fara shaƙe ku ba."

Kowa ya san abin da ya rage.

"Kuma ba a shiga sai teku tana cikowa. In ta fara janyewa, ko zoben aurenku ne ya faɗa, ku bar shi. In kuka shiga, ba wanda zai bi ku. Na gama ba da 'ya'ya."

"Mun ji, Mama Torika," in ji Desmond, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Asabar ta waye da hadari mara ruwa, sama ta yi toka-toka. Gari kaf ya sauko bakin teku. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci Waisale, ya ambaci rahama. Josaia ya naɗe zanensa ya shiga ruwa har ƙugu, ya kama sandar ya jijjiga. Ta ƙi. Zuciyar Torika ta yi tsalle, har ta fara cewa a ranta kun gani ko. Sai ya ƙara ƙarfi, ta fito. Sanda ce kawai ashe, gindinta ya ruɓe, ganyen ya yi baƙi. Ya ɗora ta a kafaɗa ya fito, wurin ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Ta nemi daidai inda take a da, ta kasa ganewa.

Mutane kuwa suka faɗa ciki da doguwar igiyar ganyen kwakwa, suka yi da'ira a kan tudun murjani suna matsowa. Da farko sun yi ƙoƙarin kame kansu saboda ita. Amma da da'irar ta ƙuntata, ruwan ya fara tafasa da kifi, sai kunya ta gudu. Ihu, shewa, tsofaffi suna faɗuwa suna tashi. Wata mata ta ɗaga wani ƙato tana cewa tun tana budurwa ba ta ga irinsa ba. Wani ya ce, "Kai, wannan me ya ci haka?" Matarsa ta dunguri haƙarƙarinsa, ta nuna masa Torika da haɓa. Amma ta riga ta ji.

Can gefe Salanieta ta goya tukunya, ita da baƙin biyu. Teku tana cikowa, lokaci ya yi daidai. Ba ta waiwayo ba. Suka taka har ruwa ya kai musu ƙirji, suka sa tabarau, suka nutse. Torika ta tsaya a yashi tana bin kumfar numfashinsu da ido har ta shige Ƙofa ta ɓace. Ta yi niyyar yin addu'a, ta rasa me za ta roƙa: su fito lafiya, i, amma akwai wani roƙon a ƙarƙashin wannan, wanda take jin kunyar kai wa Allah. Tana so su ga wani abu. Ko ɗamarar darmar da yake nutso da ita, ko igiya, ko ƙashi ɗaya da za ta naɗe a tabarma ta kai bayan coci.

Da suka fito, Desmond ne ya fara cire abin bakinsa, fuskarsa tana haske. Ya manta kansa. "Lorraine, kin gani? Kamar bango! Ban taɓa ganin kifi haka ba a—" Ya haɗa ido da Torika, sauran maganar ta maƙale.

Torika ta wuce shi, ta shiga ruwa da zanenta, ta tare surukarta.

"Kin duba?"

"Na duba, Nana. Na sauka har inda bai kamata in sauka ba."

"To?"

Idanun Salanieta sun yi ja, ko gishiri ne ko wani abu. "Kifi ne kawai. Ko'ina kifi."

Da yamma aka buɗe ramin gashi, aka kwashe duwatsu masu zafi, ƙamshi ya cika gari. Aka shimfiɗa doguwar tabarma a rumfar masaukin, aka jera gwaza, rogo, da kifi tuli-tuli a ganyen ayaba. Mafi girma duka, wanda aka gasa da madarar kwakwa, Josaia ya ɗauko da hannu biyu ya ajiye gaban Torika. A ƙauyen nan uwar mamaci ce ke buɗe irin wannan walima. Sai ta kai loma kafin kowa ya miƙa hannu.

"Uwar Waisale, albarkar ɗanki ce wannan. Buɗe mana."

Ta kalli kifin. Ya yi ƙiba, fatarsa ta tsage, mai yana tsatsafowa. Watanni ya yi yana kiwo a Ƙofa ba mai damunsa. Ta san abin da take tunani, ta kuma san rabin mutanen da ke zaune sun yi tunanin, sun haɗiye shi tare da yawu. Yara suna kallon hannunta. Abinci yana hucewa. In ta tashi, gari zai kwana da yunwa da kunya, a ce ta mayar musu da karamcinsu. In ta ci, shi ke nan, ta sallame shi da bakinta.

Salanieta, da ke zaune kusa da ita, ta ce a hankali, "Nana, in ba za ki iya ba, ni in ci a madadinki."

"Ke kika haife shi?"

Ta miƙa hannu, ta gutsuro daga gefen ciki, ta sa a baki. Jama'a suka tafa, hannuwa suka faɗa kan abinci, hira ta ɓarke kamar an cire toshiya.

Ita kuwa ta shirya wa ɗaci. Ta shirya wa amai, ta shirya maƙogwaronta ya ƙi karɓa, kowa ya gani da idonsa cewa uwa ba ta cin irin wannan. Amma watanni ta yi tana tura rogo ba marmari, kuma kifin ya yi laushi, ya sha kwakwa, ya yi daɗi ƙwarai da gaske. Kafin ta ankara, hannunta ya koma ya gutsuro na biyu. A nan kukan da ta hana kanta tun safe ya ƙwace mata, ta zauna cikin mutane tana kuka tana taunawa.