Rumbun Jiha

Da hannun hagu Baba Dalyop ya cike takardar zaɓe, domin na dama ya daina aiki tun bara. Awawu, mai kula da shi, tana jiran sa a ƙofar makarantar da ake zaɓen, cikin sanyin garin Manassas na Amurka. Ba ta da ƙuri'a a ƙasar nan. Mota take da ita.

Makon jiya wasiƙa ta zo daga hukumar jiha: ranakun da ake biyan Awawu ta zo masa sun koma biyu daga biyar, Talata da Juma'a. 'Ya'yansa suna Texas. Ba ya iya wanka shi kaɗai.

Ya shigo motar yana haki, fuska a sake.

"Na gyara mana, 'yar Kumasi."

"Me ka gyara, Baba? Ko maɓallin rigarka ni na saka."

"Tambayar ƙasan takarda. Gyaran tsarin mulki, a ƙara asusun ajiyar jiha. Na ce e." Ya buga sandarsa. "A garinmu Vwang, babanmu yana da rumbun acca guda da ba a taɓawa. Amma wanda ya zo ya tsaya gabansa ya ce ya rasa, sai a hau a buɗe. To ni na rasa. Rumbu ya cika, in je in tsaya."

Awawu ta tayar da mota. Ta riga ta karanta bayanin tambayar. Ba a buɗe wannan rumbun don mutum ɗaya, sai abin da jiha ke samu ya faɗi gaba ɗaya, yadda doka ta tsara.

"Baba, gaban wa za ka tsaya?"

"Ai ba a rasa maigida. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

Ta kama hanyar gida.

A gida ta yi masa wanka. Ta dafa abincin kwana uku, ta jera a layin ƙasa na cikin firiji inda hannun hagu ke kaiwa.

Da safiyar Laraba rediyo ya ce jama'a sun amince da gyaran. Ya kira ta. Wayar tana cikin jaka a wani gida, inda Awawu take juya wata tsohuwa a gado.

Ya bar saƙo. "Awawu, mun ci."

Ya ɗauko tawul da sabulu, ya zare sakatar ƙofa, ya zauna.