Sandar Fatsar Isamu

Tun daga bakin ƙofar shagon kayan kamun kifi ran Fumie ya fara ɓaci. Ƙararrawar tagullar nan da tsoho Hamaguchi, mai shagon na da, ya rataya shekara da shekaru an cire ta, an sa wata na'ura mai yi wa mutum maraba da muryar mace. Ta ja tsaki, ta waiwaya, sai ta ga mijinta Isamu ya toge a waje yana gyara ƙyallen da ke wuyansa, kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

"Baban Sanae, shigo mana. Ko sai na goya ka?"

Ya shigo, kansa a ƙasa.

Wata takwas ke nan da likitoci suka cire masa maƙogwaro saboda ciwon daji. Rai dai an cece shi, amma murya ta tafi, kuma yanzu ta wata 'yar ƙofa a gindin wuya yake numfashi. Saboda ƙofar nan aka hana shi shiga jirgin ruwa har abada, don in ya faɗa teku ruwa kai tsaye zai wuce huhunsa. Mutumin da duk Lahadi yana kan ruwa tun yana saurayi, sai ga shi a bakin taga daga safe har yamma yana kallon jiragen wasu. Manyan sandunan fatsarsa na jirgi ya naɗe su a bargo ya tura su can ƙuryar kabad.

A asibiti ana koya wa irinsu wata dabarar magana, a haɗiyi iska a dawo da ita kamar gyatsa, a juya ta ta zama kalma. Fumie ta san yana koyo, don takan ji shi a banɗaki ya sake famfo yana ɓoye sautin. Amma ita, matarsa ta shekara talatin da shida, ko uffan bai ce mata ba tun da aka yi aikin. Sai ɗan littafin aljihu da biro. "Na ƙoshi." "Na gode." Na gode! Yaushe Isamu ya taɓa yi mata godiya a kan abinci? Mutumin da kullum sai ya ce miyarta ta yi gishiri, ko da ranar ba ta sa ba. Haushi ya sa ta fara zambaɗa gishiri a miyarsa ta miso, miyar waken da yake sha, da gangan, kullum tana ƙarawa, har ita kanta ba ta iya kurɓa. Shi kuwa ya shanye tas, ya rubuta "Na gode."

Da ta ga maza suna kama kasago, wani kifi mai ƙaya da ke ɓuya cikin duwatsu, daga kan katangar tashar jirage, ba jirgi ba komai, sai tanar roba da 'yar dalma, ta ce to ga hanya. Mako uku tana masa naci kafin ya rubuta, "Sau ɗaya." Ta kuwa san mijinta. In suka fita daga shagon nan yau babu sanda, taga zai koma, kuma ba zai sake tashi ba.

Hamaguchi ya rasu bara. Surukinsa Nagao ne ya gaji shagon, wani mai shekara hamsin da rigar masunta mai aljihuna da yawa wadda ko ɗigon ruwan teku bai taɓa taɓa ta ba. Ya taho yana rusunawa, baki har kunne.

"Sannunku da zuwa, Mama. Me za a kawo?"

"Sandar kasago muke so, ta tanar roba. Ta maigidana ce."

Nagao ya dubi ƙyallen wuyan Isamu, ya dubi littafin da ke hannunsa, fuskarsa ta yi laushi irin na mai gaisuwar mutuwa. Ya sunkuyo, ya ɗaga murya yana rarraba kalmomi.

"BABA! KAMUN KIFI ZA A JE? MADALLA! MOTSA JIKI YANA DA KYAU!"

"Wuyansa aka yanka, Nagao-san, ba kunnensa ba," in ji Fumie.

"A'a, Mama, ai na sani, na sani." Ya yi dariya. Daga nan kuma bai sake kallon Isamu ba, ita kaɗai yake yi wa magana, sai ka ce jakar hannu ta shigo da ita.

Ya je ya zaro wata sanda mai kauri, ja wur, ya ɗora mata a hannu. Ya ce wannan ita ce ta dattawa. Ko an taka ta ba ta karyewa, ko an mance ta a rana ba ta lalacewa. Ya karanto mata lambobin da ke jikin takarda, tsawo kaza, nauyi kaza, duk a numfashi ɗaya.

Fumie ta girgiza ta sau ɗaya. Ai wannan muciya ce. Tanar roba ba ta da ɗanɗano, kifi na cafkar ta ya ji ba abinci ba ne zai tofar kafin ƙiftawar ido. In sanda ba ta kawo wannan ɗan taɓin zuwa tafin hannu ba, mutum zai wuni yana ciyar da duwatsu ƙugiya. Dole bakinta ya zama mai ji, ya bambanta yashi da dutse da ciyawar ruwa. Dole kuma ƙugunta ya yi ƙarfi, don kasago yana jin ƙugiya rami yake shigewa ya buɗe ƙayoyinsa. Wannan ko ɗan koyo ya sani, balle mai shago.

"Da wannan me zai ji?" ta tambaya.

Nagao ya rage murya, ya matso kamar mai faɗin sirri, alhali Isamu na tsaye taku biyu daga gare su.

"Mama, tsakanina da ke, irin su Baba ai ba kifin ne muhimmi ba. Ya dai samu abin riƙewa, ya sha iska, ya dawo gida. Me za a yi da sanda mai kyau?"

Wuta ta taso mata tun daga ƙafa har ka. Abin riƙewa! Mutumin da Hamaguchi da kansa yake tambaya ina kifi ya koma in iska ta juya! Ga hoton Isamu can a bango, na uku daga hagu, rungume da wani kifi da ya kai tsawon ƙafarsa, hoton ya dusashe saboda daɗewa. Wannan mai rigar aljihunan kullum yana wucewa ta gabansa, bai taɓa ɗaga kai ba.

Ta ajiye jar sandar a kan teburi da ƙarfin da ya fi na ladabi, ta nufi layin sanduna da kanta, ta zaro uku sirara.

"Zan gwada su," ta ce.

"A ina, Mama? Ai ba ruwa a nan."

"Yadda surukinka yake gwadawa."

Duk tsofaffin garin sun san gwajin Hamaguchi. Mutum ɗaya ya riƙe gindin sanda ya rufe ido, ɗaya ya ɗora bakinta a wuyansa ya yi magana. In sanda ta ƙwarai ce, maganar za ta bi jikinta ta zo tana rawa a tafin hannu. In ta banza ce, shiru. Duk sandar da Isamu ya taɓa saya haka aka zaɓe ta, kuma kullum Fumie ce mai riƙewa, don shekara talatin ta yi a kamfanin ɗinkin safar hannu, yatsunta na gane ɗinkin da ya kauce ko ba ta duba ba. Shi kuma yana ba da wuya, don muryarsa mai kauri ce. Kuma don neman tsokana, a gaban mutane, abu ɗaya yake faɗa kullum: "Fumie, miya ta yi gishiri."

Sai da ta ɗaga ɗaya daga cikin sandunan ta juya wajensa sannan ta tuna. Isamu ya ja da baya, hannunsa a kan ƙyallen.

Nagao ya ƙyalƙyale da dariya. "Wayyo, wannan tsohon camfin! To ai Baba ba murya. Kawo, Mama, ga nawa wuyan, kyauta ne." Ya kama bakin sandar ya manna a maƙoshinsa. "Ɗaya, biyu, uku! Ana ji?"

Ta rufe ido, ta ji wani ɗan kaɗawa siriri. Amma me za ta yi da shi? Ba ta san ko sandar ce mai rauni ko muryar ba. Da murya ɗaya take awo tun tana amarya, ba ta da wani ma'auni. Ta buɗe ido ta janye sandar.

A lokacin Isamu ya taɓa kafaɗarta, ya miƙo littafin. Ya rubuta, "Mu tafi. Ja ɗin ma ta isa."

A nan haƙurinta ya ƙare, ta manta da Nagao, ta manta da maza biyu da ke zaɓen ƙugiya a ƙuryar shago.

"Ta isa? Wannan iccen ne ya isa? Kana ji ana cewa a ba ka abin riƙewa kamar jariri, kai kuma ka ce ta isa! Wata takwas, Baban Sanae! Wata takwas kana yi wa famfo magana, ni kana rubuto min takarda kamar ma'aikaciyar gidan waya. Kana tsammanin ba na jin ka? Kana tsammanin kyan murya na aura? Da ma can muryarka kamar injin jirgi take, ban gudu ba!" Ta nuna ƙofa. "To mu tafi. Ka koma tagarka. Amma wannan jar abar ba za ta shiga gidana ba."

Nagao ya sunkuyar da kai yana jera takardun da ba su hargitse ba.

Isamu ya dube ta. Sannan ya rufe littafin, ya sa a aljihu, ya maɓalle aljihun. Ya ɗauki jar sandar daga kan teburi, ya sa mata gindinta a hannu, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen. Ya ɗora bakin a gefen wuyansa, sama da ƙyallen, inda tabon ɗinki yake. Ya yi mata alama da ido, ta rufe nata.

Ta ji ya haɗiyi iska. Sautin da ya fito ba daɗi, wani gurnani ne kamar na kwaɗo a cikin tulu. A hannunta kuwa babu komai.

"Ba komai," ta ce.

"Ic...ce," in ji Isamu, yana kallon Nagao.

Ɗaya daga cikin mazan ƙuryar ya yi dariya, ya toshe baki. Nagao ya karɓi jar sandar da hannu biyu, ya rusuna, wannan karon wajen Isamu.

Siririya ta farko ta kawo ɗan motsi, amma ya mutu a tsakiya. Ta biyu bakinta ya cika laushi, komai ya narke. Gumi ya tsattsafo a goshin Isamu, kowace kalma sai ya haɗiyi iska sau biyu, kunnuwansa sun yi ja don kunya, amma bai tsaya ba. Ya ɗauki ta uku, wata toka-toka marar ado, ya ɗora.

Fumie ta rufe ido. Ya haɗiyi iska.

"Fu...mie." Ya sake haɗiya. "Miya... ta yi... gishiri."

A kunne dai gurnanin ne. Amma a tafin hannunta abin ya zo daidai yadda ta san shi, nauyin nan a farkon sunanta, da ɗan jan da yake yi a ƙarshe. Ya bi sandar ya shigo yatsunta har gwiwar hannu. Kuma yau, a karon farko cikin shekara talatin da shida, gaskiya ya faɗa, miyar ta yi gishiri.

"Wannan ce, Mama?" Nagao ya tambaya a hankali.

Wannan ce, ta sani tun daga kalmar farko. Amma ba ta buɗe ido ba, ta ƙara damƙe gindin sandar da hannu biyu.

"Ban ji sosai ba," ta ce. "Baban Sanae, sake faɗa."