Wasa Ukun da Malam Ya Goge

Shekara shida Malam yana koyar da kimiyyar motsi da nauyi a sakandare kafin ƙungiyar ƙwallo ta ɗauke shi aiki. Yakan zuba wa kwamfuta gudun 'yan wasa, ƙarfin bugu, tsayin tsalle, har da jiƙar ciyawa, ita kuma ta faɗi wanda zai ci. Da farko dariya ake masa. Da ya faɗa sau takwas, bakwai suka tabbata, sai koci ya daina fitar da sunayen waɗanda za su buga sai ya leƙa ɗan ofishinsa na bayan ɗakin canza kaya.

To, ranar Laraba kwamfutar ta jawo masa fitina. Dogo, mai tsaron raga, ƙaninsa ne ciki ɗaya. A wasa uku na baya, tsallensa ta hagu ya ragu da tsawon tafin hannu. Da Dogo a raga, damar nasara uku cikin goma. Ba shi, shida. Malam ya san gwiwa ce ke yin haka.

Ya tare shi a bakin famfo.

"Kai, me ya sami gwiwarka?"

"Yaya, rufa mini asiri don Allah. Masu zaɓa wa manyan ƙungiyoyi 'yan wasa za su zo Asabar. Shekara tara nake jiran ranar nan."

Malam ya koma ya zauna, ransa a jagule. A sana'arsu akwai wata ƙofa: awon da ya fita daban da saura, akan ce kuskuren na'ura ne, a cire shi. Ya cire awon wasa ukun nan, damar nasara da Dogo a raga ta koma shida. Wallahi ko minti ɗaya abin bai ci ba, kuma wannan ne ya fi ba shi tsoro.

Koci ya leƙo. "Malam, kamar na ga Dogo na ɗingishi. In hutar da shi? Me injinka ya ce?"

"Lafiyarsa ƙalau, koci."

Asabar, minti na ashirin, ƙwallo ta taho ta saman hagu. Dogo ya tashi ya ture ta, ya dira kan ƙafar nan, bai kuma miƙe ba. Innalillahi! Likita ya taɓa wurin sau ɗaya ya ce jijiyar ta tsinke, zancen raga sai dai a yi haƙuri.

Malam ya bi masu ɗauke da shi. Dogo ya damƙe masa hannu, hawaye da gumi sun haɗe.

"Yaya, ni ban yi karatu ba. Kai da ka gani a rubuce, me ya sa ka biye mini?"