Buzuzun Wilfred

A Romi babu wanda bai san Edith mai bokiti ba. Kullum da safe sai ta biya mayanka ta ɗebo kashin shanu kafin ta wuce aikin masaƙa a Kakuri, mata na toshe hanci suna dariya, wai wasu na kiwon kaji ita tana kiwon buzuzu.

Mijinta Wilfred ne ya bar mata wannan aikin. Malamin ilimin ƙwari ne mai tsaurin baki, shi ya sa ya tsere ƙasar waje da sojoji suka fara nemansa. Kafin ya tafi ya nuna mata wani tsohon baho cike da ƙasa a bayan ɗaki. Ya ce buzuzu kala-kala ne: akwai masu mirgina kashi, akwai masu zama a cikinsa, akwai masu haƙa rami su binne, macen ta yi ƙwai a ciki. Waɗannan na cikin bahon masu rami ne, kuma ƙahon namijin bai yi kama da na kowane jinsi da ya sani ba. Idan ya tabbata sabo ne, sunanta zai sa masa.

"Kada ki bari su mutu. Ranar da soja suka sauka, ina hanya."

Haka ta yi ta fama shekara da shekaru. Idan kaɗaici ya ishe ta sai ta tsuguna gaban bahon ta ba su labarin masaƙa, tunda dai ba sa katse mutum.

Soja suka sauka, farar hula suka hau. Waɗanda suka gudu suka riƙa dawowa. Edith ta yi wa ɗaki fenti, ta yi kitso.

Ran wata Asabar aka yi sallama. Ta fito da gudu, sai ta ga Bulus ne, abokin Wilfred da suka tsere tare, shi kaɗai, riƙe da kwalba.

"Madam, oga na gaishe ki. Ya ce ki sa namiji da mace a ruwan sifirit ɗin da ke wannan kwalbar, zan aika masa."

"Ai mutuwa za su yi."

"Eh, matattu ake bukata wajen sa suna. Sauran kuma ya ce ki zubar, kin huta."

"Shi fa, yaushe?"

Bulus ya sosa ƙeya, ya ce aiki ya riƙe shi sosai, akwai ma wata Tracy da ke taya shi. Ya faɗi sunan yana kallon takalminsa.

Edith ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta saka masa biyu a kwalba, da la'asar ta kai sauran bakin kogi inda shanu ke kiwo ta juye. Nan da nan suka nutse cikin ƙasa, ko ɗaya bai tsaya ba.

Washegari sai da mahauci ya ce, "Madam, yau kin makara," sannan ta lura tana tsaye a mayanka, da bokiti a hannu.