Gudbai a Bakin Mota

Saura mutum ɗaya motar ta cika, ni kuwa na kasa zama. In shiga, in fito, in leƙa ƙofar tasha, in dawo in gyara akwatin da babu abin da ya same shi. Sati uku ke nan da na karɓi aikin jinya a wani gari mai nisan yini guda, sati uku kuma Baba bai ce mini ko "Allah ya sa alheri" ba. Bai hana ni ba. Shiru kawai ya yi, shirun Baba kuwa ya fi faɗansa ciwo. Da safe Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Kada ki yarda ki tafi bai sa miki albarka ba." To ta yaya? Albarka ai ba a ƙwatar ta.

Can sai ga shi, hannuwa a baya, irin tafiyar da yake yi tsakanin kujerun aji. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci kafin ritaya, har yau in ka gaishe shi sai ka ji kamar za a ce ka fito gaban allo. Ya duba tayoyin motar ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi direba ko burki na ci. Ni kam ko kallo ban ishe shi ba.

Wata mata ta cike gurbin ƙarshe. Ɗan kamasho ya bubbuga jikin mota: "Malama, shiga mana!"

Haushi ya turnuƙe ni, hawaye na neman tona mini asiri. Da gangan na ce, "To Baba, gudbai," kamar ina sallamar mai shago.

Ya tsaya cak. Malami dai malami ne.

"Kin san abin da kika faɗa?"

"Baba, mota za ta tashi."

"Na ce kin sani?"

"Sai an jima ke nan."

"Haka kowa ke cewa." Ya ɗaga ɗan yatsa. "Asalinta addu'a ce cikakkiya: Allah ya kasance tare da kai. Da ita Turawan dā suke rabuwa. Gaggawa ce ta yi ta gutsurar ta, yau a yanke nan, gobe a yanke can, har ta koma wannan guntuwar da ake jefa wa mutum ta taga."

Direba ya danna hon. Wani fasinja ya ce, "Malam, a ƙarasa darasin ta waya mana!" Aka kwashe da dariya.

Baba ko juyawa bai yi ba. Ya ɗora tafinsa a kaina.

"Su yi ta hon," ya ce. "Ni ba zan ba ki guntuwa ba. Allah ya kasance tare da ke, 'yata, a hanya, da inda za ki sauka, da gaban kowane marar lafiya da za ki taɓa."

Kafin in buɗe baki, har an riga ni cewa amin. Mutanen cikin motar ne suka amsa mini.