Ranar Wankin Kunne

"Ba zan wanke ba, Sista."

Wata nas ce ta faɗi haka tana mayar da sirinji cikin tasar ruwan ɗumi. Talata ce, ranar wankin kunne a ƙaramin asibitin, kuma tsarin da kowa ya tarar ke nan: duk wanda ya zo da kunne a toshe, a zaunar da shi a benci, a kara masa kwano a wuya, a tsirta masa ruwa har dattin ya fito. Likitan kunne sai Alhamis yake leƙowa. Ita kaɗai ce, sabuwar nas, take tsayawa ta haska kowane kunne kafin ta taɓa shi, shi ya sa aka laƙaba mata 'Yar Fitila.

Sista, shugabar ɗakin, ta sauke tabarau. "Maimaita in ji. Ko ni ma nawa kunnen ya toshe?"

"Dodon kunnensa ya huje. Ga ramin can a gefen dattin, kamar ƙwayar shinkafa. Zo ki duba."

"Shekara ashirin da biyu ina wanke kunne, tun kina zanin goyo. Dubi layin nan har bakin ƙofa!"

Wanda ake magana a kansa dattijo ne, makanike, faratansa baƙi ƙirin da man inji. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, tun ranar da taya ta fashe kusa da shi. Da na daman yake neman abinci, kuma shi ne ya toshe. Yakan dafa kan sukudireba a jikin inji, ya kara mariƙin a kunne, ya gaya wa mai mota abin da ya lalace tun ba a kwance ƙusa ɗaya ba.

"'Yata, ku wanke mini in tafi," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Mota uku na bari baki buɗe."

'Yar Fitila ta sunkuya daidai fuskarsa. "Baba, da me kake sosa kunnen nan?"

"Wayar birki mana. Ai tsaf nake goge ta!"

Aka fashe da dariya a benci. Ita ba ta yi ba. Ta zana masa a bayan katinsa: ga rami, ga dodon kunne kamar fatar ganga, bayansa ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa uku, su ke miƙa sauti ciki. "In fatar ta huje aka tura ruwa, nan zai shige da dattin duka. Sai mugunya, sai jiri, wataƙila jin ya tafi gaba ɗaya. Kai za ka zuba ruwa a kafireto?"

"Allah ya sawwaƙe!"

Sista ta tashi ta ɗauki sirinjin da kanta. 'Yar Fitila ba ta ɗaga murya ba. Jan biro ta zaro, ta juya katin, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa dodon kunne a huje yake, kada a sa ruwa. Ta sa hannu, ta sa kwanan wata, ta ajiye a gaban Sista. Kowa a ɗakin ya san abin da ya hau kati ba ya goguwa, kuma duk wadda ta wanke bayan haka, laifin a wuyanta yake. Sista ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta saki sirinjin cikin tasa, ruwa ya fantsama.

Baba ya fita yana mita, da auduga a aljihu da zai riƙa toshe kunnen in zai yi wanka.

Ranar Alhamis likita ya zuƙe dattin da na'ura, ya ga ramin, ya rubuta magani. Ya dubi jan rubutun ya gyaɗa kai, ya kira na gaba. Takardar tuhuma kuwa tun Laraba ta isa ofis: rashin ɗa'a ga na gaba a idon marasa lafiya. Aka mayar da 'Yar Fitila ɗakin kati, inda babu taga, tana jera fayil daga safe zuwa la'asar.

"Ki je ki ba Sista haƙuri, me zai ragu a jikinki?" in ji mahaifiyarta. "Wannan taurin kan na ubanki ne."

"Inna, gaisuwa kullum ina gaishe ta. Amma in ce na yi kuskure? Ban yi ba."

Dodon kunnen Baba ya haɗe cikin wata biyu, ya koma garejinsa yana sauraron inji. Ita wata tara ta yi a ɗakin kati, ba ta makara ko sau ɗaya ba. Da jerin masu tafiya kwas ɗin gwajin ji ya fito, wanda take jira tun ranar da ta kama aiki, an cire sunanta, kuma ba za a sake tura kowa ba sai bayan shekara uku.